Zakkar Fim

Kai, ajiye wayar nan tukuna. Na ga hoton, na gani. Ka ɗaga hannu sama, ka danna, waya ta yi 'yan dabarunta, taurari suka fito, shi ke nan kai ma ka zama mai hoton sama. To sannu da aiki! Da haka abin yake a zamaninmu, da ban yi furfura a wannan shago na unguwar Hashimi a Suleja ba. Ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi na ɗauki wancan hoton da ke rataye bisa kanku, mai duhun nan mai yankakkiyar kusurwa, wanda kuke dariya kuna cewa an manta ba a kunna filas ba. Fim uku ya ci, da wata guda cur, kuma saura ƙiris in rasa shi saboda rowar hoto ɗaya tak.

A wajen Malam Shu'aibu mai hoto na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Mu Maigida muke ce masa. Shagonsa na bakin kasuwa, ciki da falo: gaba wurin ɗaukar hoto ne mai labulen da aka zana jirgin sama, ciki kuma ɗakin duhu inda ake wanke fim. Shekarata ta farko ko taɓa kyamara ban yi ba. Shara, ɗebo ruwa, ɗauraye hotuna a daro, shanya su a igiya. Ranar kasuwar Izom in saɓa sitan, wato abin ɗora kyamara mai ƙafafu uku, in bi shi a baya, manoma su sayar da doya su zo a ɗauke su riƙe da sabon keke ko rediyo. Ku da kuke kwana uku a shago ku fara tambayata yaushe za a yaye ku, ku ji da kyau.

Maigida ba ya bayani. In ka ce masa don me, sai ya ce don haka ake yi. Abu biyu ya dasa mini tun ina yaro. Na farko, ba ya duba agogo a ɗakin duhu. Da Ƙulhuwallahu yake auna lokaci. Wannan takarda ƙafa ɗaya take so, waccan ƙafa biyu, kuma ba da gaggawa ba, karatu irin na mai sallah a natse. Na biyu kuwa, duk sabon fim da ya sa a kyamara, hoton farko ba na kowa ba ne. Zai fita bakin ƙofa da rana tsaka ya ɗauki duk abin da ya gani a cikin haske, ko mai talla, ko akuya, ko bangon maƙwabta. Wannan shi ne zakkar fim, in ji shi. Na taɓa tambayarsa amfaninta, ya dube ni ya ce, "Kai dai ka fitar, Danlami. Ranar da za ta yi maka rana ba za ta yi sallama ba."

Da na buɗe nawa shagon, duniya ta riga ta juya. Hoto mai kala ya shigo, an daina wanki da hannu, sai dai ka tara fina-finanka ka kai leb a Abuja inji ya wanke. Gari ya cika da baƙi, 'yan Kano da Katsina da Sakkwato, suna aiki a Abuja suna haya a nan. Hoton fasfo na masu neman aiki kullum, ga masu son a ɗauke su jingine da motar wani su aika gida a ga sun samu wuri. Sai kuma aka shiga shekarar wahalar man fetur. Fim ya yi wuya, wanda ake samu ma rabinsa ya kwana biyu, ka ɗauki amarya ta fito kore shar, danginta su zo su yi maka tas. A shekarar nan na daina fitar da zakka. Na ce hoto talatin da shida ne a fim, kowane ɗaya da mai shi, ba zan ɓata guda a kan akuyar maƙwabta don camfin tsofaffi ba. Da abubuwa suka warware na sayi sabuwar kyamara 'yar Jafan, mai batir, mai yin fokas da kanta, mai ido zum da ke jawo nesa kusa. Mu a sana'a gilashin gaban kyamara ido muke ce masa. Na riƙa rataya ta a wuya ko ba aiki, ina jin babu na biyuna daga nan har Minna.

Shi kuwa Maigida lokacin ya rufe shago ya koma gidansa a Iku. Hawan jinin ido ya kama shi. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma kullum ƙara tsukewa yake yi, saura kamar mai leƙe ta kafar makulli. Da rana, in ya sa madubin nan mai ƙara girma da yake duba nagatif, wato wankakken fim, da shi, yana iya bin takarda kaɗan-kaɗan. Da magariba ta yi kuwa, shi ke nan. Likita ya gaya wa iyalinsa gaskiya, cewa ragowar ma tafiya zai yi, sai dai ba a san rana ba.

A casa'in da bakwai, gab da faɗuwar damina, tauraruwa mai wutsiya ta fito. Iyayenku za su tuna. Ana idar da sallar magariba sai ka ga mutane cirko-cirko a bakin titi suna nuna yamma maso arewa. Wasu su ce babban mutum zai mutu, wasu su ce yunwa ce. Ran wata Juma'a na je gaishe shi, na same shi a zaure bisa buzu, matarsa Inna Hajo ta kawo mana kunun zaƙi.

Ya ce, "Danlami, wai da gaske tana da wutsiya?"

Na ce, "Tana da ita, Maigida, fara sol, ta miƙe sama. Mutane duk sun tsorata, wai babban mutum zai mutu."

Ya ce, "Babban mutum kullum mutuwa yake yi, da wutsiya da babu. Jiya Hajo ta fito da ni tsakar gida, ta kama haɓata ta juya ni, tana ga ta nan, ga ta nan. Ban ga komai ba sai baƙi." Ya kurɓi kunu. "Kakata ta ga irinta tana yarinya, har ta mutu tana ba mu labari. Wadda aka ce ta fito shekara goma da suka wuce, kwana bakwai na yi ina farautarta da kyamara, ban samu ko ƙyallinta ba. Yanzu ga ta ta zo har ƙofar gida, ni kuma ba ido. Ka kawo min ita a takarda."

Na ce, "Wannan ai abu mai sauƙi ne. Ka ba ni kwana uku."

Ya yi murmushi ya ce, "Da wannan abar wuyan taka mai kukan sauro?"

Raina ya ɗan sosu, amma na haɗiye. Washegari na je wani suna da safe, na ɗauki hotuna wajen ashirin, na ce ragowar fim ɗin na tauraruwa ne. Da magariba na hau rufin shagon nan da sitan. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar, kuma aka yi sa'a suka ɗauke. Na saita kyamara sama. Sai ta fara: ziii, ziii, ido ya fita ya koma, ya fita ya koma, tana neman abin da za ta kama a duhu ta rasa. Na kashe mata wayon na murɗa da hannu. Na jawo zum har ƙarshe don tauraruwar ta fito ƙatuwa, na buɗe na bar ta minti biyu a agogo, na sake, na sake. Ban kai na shida ba batir ya mutu murus, don buɗewar nan mai tsawo shan batir take yi kamar me.

Da hotuna suka dawo daga leb, na suna sun fito tsaf. Na sama kuwa, baƙi ne da wani ɗan jirwaye a tsakiya. Na kai masa haka nan, na gaya masa yadda na yi. Ya fito rana, ya sa madubinsa, ya bi takardar a hankali. Ya ce, "Wannan tauraruwa ce ko tana ce ta fito bayan ruwa?" Inna Hajo ta tuntsire da dariya daga bayan ƙyaure. Sai ya ce, "Sama tafiya take yi, ɗan nan, ba ta tsaya maka kamar amarya. Ka jawo ta kusa, ka kuma bar ta minti biyu, dole ta ja maka layi. Hajo, miƙo min akwatin nan."

Akwatin ƙarfe ne, a ciki tsohuwar kyamararsa 'yar Rasha tana naɗe a tsumma. Mai nauyi, in ta faɗo maka a ƙafa sai an ɗaure. Babu batir, babu wayo, madanninta in ka danna ka murɗa sai ta zauna a buɗe har gobe in ka ga dama. Ita ce na raina, na taɓa ce wa abokaina da ita gara guduma. Ya zaro idanu uku masu murɗawa kamar murfin kwalba, ya riƙa shafa kowanne yana gane shi da hannu.

"Wannan dogon, ɗari da talatin da biyar, idon leƙe ne. Na ɗaukar liman daga bayan sahu. Bar shi a gida, shi zai fi ja maka layi. Wannan hamsin, shi ne mai shan haske, buɗarsa ta fi ta kowa. Amma ƙunci gare shi, kuma in ka wuce Ƙulhuwallahu ƙafa biyu taurari za su fara tafiya. Wannan kuma ashirin da takwas, idon taro." Shi ne wanda muke ɗaukar 'yan makaranta aji guda da shi, ko dangin ango gaba ɗaya, don faɗinsa. "Bai kai hamsin shan haske ba, amma yana da haƙuri. Komai ƙanana yake mayarwa, don haka tafiyar sama ba ta nunawa da wuri. Zai ba ka ƙafa huɗu. Ka gwada su biyun, ka nemo fim mai lamba ɗari huɗu, ɗari ba zai ji komai ba. Kuma ka fita daga gari."

Na ce, "Idon taro ai zai mayar da ita 'yar ƙarama."

Ya ce, "To in ka cika takarda da ita kaɗai, wa zai san a Suleja ta fito? Ina son in ga ƙasa, in ga itace, in ga taurarin nan Kaza da 'ya'yanta a gefe, in san inda ta tsaya. Ni idona ya riga ya zama na leƙe. Faɗi nake nema."

Wallahi maganar nan ta shige ni. Daga ranar na daina ɗaukar abin da wasa.

Sai da na je Abuja na zagaya shago huɗu kafin na samu ɗari huɗu, guda biyu kacal suka rage, na kwashe. Na ɗaure sitan a bayan babur bayan la'asar na kama hanyar Izom, don ta can yamma babu fitilu, hasken Abuja da na gari duk suna bayanka. Na samu wani tudu a gefen gonar doya, da wata ɗorawa a kansa. Nan na yi magariba ni kaɗai. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, sama ta wanku tas, jinjirin watan Babbar Sallah ɗan siriri na shirin faɗuwa. Da duhu ya fara kamawa sai ga ta, sama da ɗorawar, wutsiya a miƙe. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye muku ba.

Ga yadda ake yi, ku buɗe kunne. Ka murɗa fokas har kan alamar nan mai kama da takwas a kwance, ka manne da salatif don kada hannunka ya goce da shi a duhu. Ka rataya jakarka a tsakiyar sitan ta yi masa nauyi. Ka cire hularka ka rufe gaban ido da ita ba tare da ta taɓa ba, ka danna ka murɗa, ka jira girgiza ta kwanta, sannan ka janye hula ka fara karatu. In ka idar, hula ta koma, sannan ka rufe. Da hamsin na fara. A cikinsa tauraruwar ta cika ido, kyakkyawa, amma ita kaɗai, babu ɗorawa babu Kaza. Na yi goma sha biyu, wasu ƙafa ɗaya, wasu biyu, wasu uku. Na kwance shi na ɗaura idon taro. Da na leƙa sai na ga duhu ya fi yawa, da ƙyar nake gane ta, amma ga tudu, ga ɗorawa, ga Kaza can gefen hagu, duk sun shigo. Shi kuma aibinsa, in ka buɗe shi gaba ɗaya taurarin gefe-gefe sai su yi fuka-fuki, in ka rage buɗar da ɗaya su daidaita amma haske ya ragu. Na yi wasu haka wasu haka, har fim ya ƙare, sauro kuwa sun yi biki a ƙafafuna.

Da sassafe na kai leb. Na miƙa wa mai injin, wani ɗan kudu da muka saba, na ce ya kula min da wannan. Na je na sha shayi na dawo. Ya turo min ambulan babu hoto ko ɗaya. Ya ce, "Oga, fim ɗinka bai kama ba. Fari ne fes, babu komai. Wataƙila ka manta murfi."

Na zaro nagatif. Ya riga ya yanka shi gunduwa-gunduwa kamar yadda suke yi don ya shiga leda. Na ɗaga a hasken ƙofa. Ga ta nan! Ɗan baƙin ɗigo da jela, ta kamu, ta kamu sarai. Amma almakashi ya bi ta tsakiyar hotunan. Wanda ya fi kowanne kyau, kanta na wannan yanki, wutsiyarta na wancan. Waɗanda almakashi ya tsallake kuwa, da ya ɗauka shara ce ya jefa su a kwando kafin ya tuna ya tsamo, duk sun karce. Na yi ihu har masu jiran fasfo suka miƙe. Na ce masa, "Kai makaho ne? Ka san abin da ka yanka?" Na faɗi maganganun da ba zan maimaita muku ba.

Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya ɗauki yanki ɗaya ya nuna min. Ya ce, "Oga, duba da kanka. Ina iyakar hoto ɗaya, ina farkon na biyu? Duka fari ne. Ni da gefen hoto nake gane inda zan sa almakashi. Da ka ɗauki abu ɗaya mai haske a farkon fim, ko bango ne, da na samu layi, sauran duk sai in ƙirga daga nan."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ko bango ne. Shekara nawa ina ganin mutumin nan yana fita bakin ƙofa yana ɗaukar bango da akuya, ina ce masa mai camfi a zuciyata. Ashe layi yake ajiye wa almakashi, don ko aikin dare ne ko na ɗaki mai duhu, ya san inda zai fara. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ba mai injin haƙuri, na fita.

Ban iya zuwa Iku ba sai bayan kwana biyu. Na zube nagatif ɗin a gabansa na gaya masa komai. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce kawai, "Ka fitar da zakka?" Na ce a'a. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun shekarar man fetur. Ya kaɗa kai ya ce, "To ta yi maka sallama yanzu." Da zan tafi Inna Hajo ta biyo ni zaure ta rage murya. Ta ce, "Danlami, in za ka yi ka yi. Jiya kofi na gabansa da rana tsaka yana lalubensa."

Ga fim ɗaya ya rage min, ga shi wata ya fara girma. Hasken farin wata kashe taurari yake yi a fim, dole in jira ya wuce sha huɗu ya koma fitowa a makare. Kwana goma sha wani abu ke nan. Kullum da magariba ina fita in dube ta, kullum tana ƙara yin ƙasa tana dusashewa, Kaza ma na gangarawa wajen faɗuwar rana. Aka yi Babbar Sallah, na yi aikin sallah jikina na nan hankalina na sama. Da watan ya ja baya kuma sai hadari ya ce ga ni. Kwana uku a jere ina zuwa tudun nan, in kafa sitan, gajimare ya rufe yamma ruf, in naɗe in dawo. Rana ta uku ruwa ya kama ni a hanya, na cire riga na naɗe akwatin na rungume, na iso gida ina rawar sanyi. Abokaina suka ce Danlami ya samu taɓin hankali, yana bin tauraro da babur. Na ce ku faɗi abin da kuka ga dama, ko sau talatin ne zan koma.

Rana ta huɗu aka yi ruwa da azahar, la'asar na yi gari ya washe. Na sa fim ɗin ƙarshe a 'yar Rasha, na biya ta Iku. Yana zaune a ƙofar gida bisa benci, rana na dukan fuskarsa daga gefe. Na ce, "Maigida, zakka zan fitar."

Ya ce, "To ga bango nan."

Na ce, "A'a, a kanka zan fitar."

Ya ce, "Kai, tafi can! Wanzami ba ya son jarfa." Gaskiya ne kuwa, shekara arba'in yana ɗaukar mutanen garin nan, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Na ce ai shi ya koya min duk abin da ke bakin ƙofa cikin haske shi ake ɗauka, kuma shi na tarar. Ya yi tsaki, ya gyara hula, ya ce, "To ka sa hamsin, kada ka kumbura min hanci da idon taro." Na sa hamsin na ɗauka, ɗaya tak.

Na isa tudu rana na faɗuwa. Wannan karon ban tsaya gwaje-gwaje ba, na riga na ga abin da kowane ido zai iya a yankakken nagatif. Idon taro, buɗa gaba ɗaya, don ta dusashe ba ta da hasken da zan rage. Matsalar ita ce lokaci. In na yi sauri, sauran hasken magariba zai wanke fim. In na jira duhu sosai, Kaza za ta shige bayan tudu. Ga wani baƙin gajimare yana tasowa daga kudu. Na tsaya da hula a hannu ina kallon su su uku. Da na ga Kaza saura kamar tsawon hannu ta taɓa ɗorawa, na ce bismillah na janye hula. Ƙafa huɗu. Na mayar, na ja fim, na sake. Bakina na karatu, idona na kan gajimaren. Na samu tara kafin gajimaren ya haɗiye ta, kuma daga ranar ban ƙara ganinta da idona ba.

A leb ban je shan shayi ba. Na tsaya a kan mai injin har fim ya fito. Ya ɗaga, ya ga tsoho a farko, ya yi dariya ya ce, "Yawwa Oga, yanzu ga layi." Ya ƙirga daga nan ya yanka da hannu. Na sa ya buga na shida babba, ya yi ta rage haske yana ƙarawa har sau huɗu kafin baƙin ya zauna daidai, ya kuma buga na farkon.

Da hantsi na isa Iku. Aka fito da benci tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ya karɓi takardar, ya kafa madubi a idon dama, ya fara daga ƙasa. Hancinsa kusan yana gogar hoton. "Tudu," in ji shi. Ya matsa. "Ɗorawa ce wannan." Ya matsa hagu, ya daɗe. "Ga Kaza. Ɗaya, biyu, uku..." Ya ƙirga har tara, ya ce ashe 'ya'yan nata sun fi yadda ake faɗa. Sannan ya hau sama a hankali, ya ɓace, ya dawo, ya sake hawa. Sai ya tsaya cak. Ni da Inna Hajo ko numfashi ba ma yi. Ya bi ta daga kai har ƙarshen jela, ya dawo, ya sake bi.

Ya ce, "Ku masu ido kun ce min wutsiya ɗaya."

Na ce, "Ɗaya ce, Maigida."

Ya ce, "Biyu ce. Zo ka gani." Na karɓi madubin. Wallahi ga ta nan, gefen farar, wata siririya shuɗiya-shuɗiya da ido bai taɓa nuna min ba a duk kwanakin nan, fim ne ya tsinto ta. Garin nan kaf an kalli tauraruwar nan wata da watanni, mutumin da ya fara nuna min wutsiya ta biyu shi ne wanda ake ja da hannu. Hawaye suka zubo min, ban ɓoye ba, don na san ba zai gani ba.

Ya ce, "Ƙafa nawa ka yi?" Na ce huɗu. Ya ce, "Ka ɗan ja karatun, ga na gefe sun fara tafiya. Amma ya yi." Shekara bakwai na yi a hannunsa ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba.

Na miƙa masa na biyun. Ya bi shi da madubi, hula, goshi, gemu. Ya ce, "Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya min." Sai ya miƙa shi wajen da yake jin motsin matarsa. "Hajo, karɓi. Zakka ce, ba ta zama a hannun mai sana'a." Ta karɓa da hannu biyu, ta shige ɗaki da sauri.

Ya koma kan tauraruwarsa, ya yi ta bi har rana ta fara zafi. Can ya ce, "Danlami, akwai almakashi a akwatin nan, miƙo min." Gabana ya faɗi, don ni da almakashi a lokacin ba ma ga maciji. Na ce, "Me za ka yanka, Maigida?" Ya laluba kusurwar sama ta hannun dama, ya saita da kyau, ya datse ta ƙyat. Ya shafa wurin da babban yatsa sau biyu.

Ya ce, "Don in na daina gani, in san ina ne sama."

Damina ba ta kai tsakiya ba ragowar idon ya rufe. Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma duk baƙon da ya shiga zauren nan sai ya sa an ɗauko hoton. Ya laluba kusurwa, ya juya shi daidai, ya ɗora yatsa: nan tudu, nan Kaza, nan wutsiya ta farko, nan ta biyu. Ban taɓa ganin yatsan ya sauka a wurin da ba shi ba. Bayan rasuwarsa Inna Hajo ta aiko min da shi, ta riƙe ɗayan.

Kai mai waya, tashi ka sauko da shi ka duba wajen wutsiyar da kyau. Dusashewar da ke wurin ba laifin leb ba ne, sawun yatsansa ne.